Uwargida, Ina Rabon Allah Da Na Maƙwabciya A Cikin Yininki?

Maganarmu ta yau ta fi shafar 'yan'uwa mata Kirista, musamman na unguwarmu Kamazou da kewayenta, amma ina tsammani duk macen da ke da murhu da goyo za ta tsinci nata a ciki.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu mata, watau "ba ni da lokaci". In an tambayi mace yaushe rabonta da ta buɗe Littafi Mai Tsarki ita kaɗai, sai ta ce ba lokaci. In an ce ko ta je barkar wance da ta haihu, ko ta yi wa wance gaisuwar rasuwa, sai ta ce tana ta so ta je, lokaci ne babu. Mun faɗi maganar nan har ta daina ba mu kunya. To, yau ina so mu zauna mu dube ta da idon basira.

Ba na cewa ƙarya muke yi. Mu ɗauki yinin uwargida guda a Kamazou mu gani. Tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba ta tashi. In an kawo wuta cikin dare, to, guga da tara ruwa sun riga sun cinye mata rabin barci. In kuwa ba a kawo ba, sai neman mai ruwa ko bin layi a burtsatse. Ta hura gawayi, domin gas ya yi tsada, ta ɗora abin karin kumallo, ta yi wa yara wanka, ta nemo takalmin wannan da littafin wancan. Kafin ƙarfe bakwai tana bakin titin Yakowa tana jiran Keke, ko dai za ta haye gada zuwa ofis a cikin gari, ko makarantar da take koyarwa, ko asibitin da take aikin jinya, ko kuwa rumfarta a kasuwar Sabon Tasha. Ba za ta dawo ba sai rana ta yi ja. Kafin ta ajiye jaka an ce mata ba a kai markaɗe ba. Ta tuƙa tuwo, ta duba aikin makarantar yara, ta wanke kwanuka, ta ji da maigida. Sa'ad da ta ce bari ta durƙusa ta yi addu'a, sai barci ya sace ta tun ba ta kai ga Amin ba.

Wannan wahala kuwa tana da dalilinta. Iyayenmu da suka zauna Kakuri da Makera a zamanin masaƙu, tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957, da yawansu sun san albashin maigida yana zuwa ƙarshen wata, kuma wurin aiki na nan kusa da gida. Masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, sai ga shi a gidaje da yawa uwa ce ta zama ginshiƙi. Bayan haka rikicin shekarar 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011 suka sa iyalai da dama suka taso suka dawo kudancin kogi, aka yi ta gine-gine a Kamazou da Karji da Janruwa da Mahuta, inda a da gonakin Gbagyi ne. An sami wurin kwana, amma wurin nema ya yi nisa. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na cefane suka bi shi, har macen da ke sana'a ɗaya ta koma yin biyu ko uku. Saboda haka ba faɗa na zo yi wa kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma fa akwai wata gaskiya da tilas mu faɗa wa junanmu. Ba neman abinci kaɗai ke cinye mana yini ba. Ku dubi makon mace mai himma a ikilisiya. Litinin taron kwamiti, Talata zumunta, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar biki ko jana'iza ko sharar majami'a, Lahadi sujada, bayan an tashi kuma a wuce taron 'yan gari. Duk abubuwa ne masu kyau, ba wanda zai ce ba su da kyau. Sai dai mace tana iya cika duk waɗannan, sunanta na cikin kowane kwamiti, ba ta taɓa fashin anko ba, alhali kuwa ta yi wata guda ba ta zauna shiru gaban Ubangijinta ba, kuma ba ta san halin da mai ɗakin da ke jikin nata take ciki ba.

Ba a kan wata nake wannan magana ba, a kaina ne. Wata shekara muna shirin babban taron zumunta, aka ɗora mini lura da girki da masaukin baƙi. Akwai wata yarinya matar aure da ke haya a gidan da ke jikin namu, mijinta yana aiki a wani gari, ba ya zuwa sai ƙarshen wata. Kwana uku ina wucewa safe da yamma ina ganin ƙofarta a rufe, ɗanta ƙarami yana zaune a dokin ƙofa yana cin gari busasshe. Kullum sai in ce a raina, bari in dawo in leƙa. Ban leƙa ba. Ashe zazzaɓi ne ya kwantar da ita, ga ciki, ba ta iya ko ɗaga kai. Wata tsohuwa mai suyar ƙosai a bakin layi ita ta lura kwana biyu ba ta ga yarinyar ta zo saye ba, ta bar kaskonta a kan wuta ta je ta tura ƙofa, ta nemo Keke ta kai ta asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi, abin da ke cikinta ma ya tsira.

Da aka gama taro na ɗauki lemo da sabulu na je dubiya. Yarinyar nan ba ta yi mini ƙorafi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mama, ai kullum ina jin wucewarki, na san takunki, amma na ji kina sauri ne." Na dawo gida na rasa inda zan sa kaina. A makon nan na ciyar da baƙi masu yawan gaske da sunan Allah, amma wadda Allah ya ajiye mini a jikin katanga ban ba ta ko kofin ruwa ba. Da na ƙara bincikar kaina kuma sai na tarar a makon nan duka ban yi addu'ar kirki ko sau ɗaya ba, sai dai wadda ake yi a buɗe taro da rufe shi.

Tun daga ran nan na lura da wani abu a cikin Bisharar Luka sura 10, wanda na sha karantawa ban gani ba. Labari biyu ne aka jera, ɗaya na bin ɗaya. Na farko shi ne na mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Urushalima zuwa Yariko. Waɗanda suka gan shi suka ratse ba 'yan giya ba ne, ba marasa addini ba ne, firist ne da Balawe, watau ma'aikatan Haikali. Wanda ya tsaya ya ɗaure masa rauni, ya kai shi masauki, ya biya kuɗi daga aljihunsa, Basamariye ne, mutumin da ba a ko cin abinci da irinsa. Ana gama wannan labari sai na Marta da Maryamu. Marta tana ta fama da hidimar baƙi, 'yar'uwarta kuwa ta zauna tana sauraron Yesu, har ran Marta ya ɓaci ta kai ƙara. Ubangiji bai ce girki laifi ne ba, domin shi ma zai ci. Abin da ya nuna mata shi ne hankalinta ya rabu a kan abubuwa barkatai, ta bar wanda ya fi muhimmanci.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Labari na farko yana cewa kada ibada ta hana ki tsayawa ga mai rauni. Na biyu yana cewa kada hidima ta hana ki zama gaban Ubangiji. Ba a ce mu zaɓi ɗaya ba. Kuma ku dubi Marta: da zaman sauraro ya kuɓuce mata, abin da ya fara lalacewa shi ne harshenta ga 'yar'uwarta. Haka yake har gobe. Ranar da uwargida ta fita ba ta yi addu'a ba, yawanci ranar ce yara ke shan tsawa, mai Keke ya sha zagi a kan canji, maigida ya tarar da fuska a murtuke. Addu'a ita ce rijiyar da alheri ke ɗiban ruwa. In rijiya ta ƙafe, ko guga na zinariya ne ba abin da zai fito da shi.

To, ina mafita? Ni dai a wurin adashi na koyi tawa. Duk macen da ta taɓa yin adashi ta san ba a jira sai an gama cefane da biyan bashi sa'an nan a ce abin da ya rage shi za a zuba. In aka yi haka ba abin da zai rage. Zubi ake fara cirewa, sauran kuma a yi maneji da shi, kuma abin mamaki sai ya isa. Lokaci ma haka yake. Ba a tsintarsa a ƙarshen yini, cire shi ake yi tun da fari. Yini da dare minti 1,440 ne. Minti 15 da za ki ba Allah da safe bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba sai da ɗan kaɗan. Mako guda awa 168 ne. Awa ɗaya tak da za ki ware domin ki taka ki duba wani, anya ita ce za ta talauta ki?

Waɗanda suka fi mu aiki sun yi haka. Daniyel babban ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar baƙunci, al'amuran mulki na wuyansa, amma sau uku a rana yake durƙusawa, kuma ko da aka kafa doka a kansa bai sake lokacinsa ba. Markus ya ba da labari a sura ta farko cewa bayan Yesu ya yini yana koyarwa yana warkar da marasa lafiya a Kafarnahum har dare, tun da sauran duhu ya tashi ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a. In kuwa kin ce waɗannan maza ne, ba su san goyo ba, to, ga Susanna Wesley ta ƙasar Ingila, wadda ta rayu daga 1669 zuwa 1742. Haihuwa 19 ta yi, ta binne kusan rabinsu tun suna ƙanana, ga talauci, ga gidansu ya ƙone ƙurmus a 1709. Duk da haka ta tsara wa kowane ɗa nasa daren da za ta zauna da shi shi kaɗai su yi maganar ransa. Ɗanta John, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, daren Alhamis ne nasa. Ana kuma ba da labarin cewa in ta rasa wurin kaɗaita, sai ta ja rigar girkinta ta rufe kanta, yara su san Mama na addu'a, kada a taɓa ta.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Waɗanda suka yi zaman haya ko zaman kasuwa tare da 'yan'uwanmu Musulmi sun ga yadda mai rumfa kan bar ciniki da zarar an kira salla, ya ce wa na kusa ya duba masa kaya, kuma sau biyar kullum. Ba ya jira sai kasuwa ta watse. Lokacin a yanke yake, ciniki ne ke kauce masa. Wannan abin koyi ne, ba kuwa abin kunya ba ne mutum ya koyi abin kirki wurin maƙwabcinsa.

Ga shawarata, uwargida. Da fari, in kin farka, kada hannunki ya fara zuwa kan waya. Mu faɗi gaskiya, mace za ta ce ba ta da minti goma, amma ta kwashe awa guda a WhatsApp da Facebook tana tura hoton addu'a tana rubuta Amin a ƙarƙashin na wasu. Ki ajiye Littafi Mai Tsarki inda kike ajiye wayar, ki karanta ko da aya biyar ce, ki yi godiya, ki ambaci mutanen gidanki ɗaya ɗaya, sa'an nan ki ƙara da sunan mutum guda wanda ba na gidanku ba. Wannan suna na ƙarshe shi zai tuna miki da ƙofar da ya kamata ki ƙwanƙwasa. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na biyu, akwai guntayen lokaci da muke zubarwa kamar tsaba a bakin turmi: zaman jira a wurin injin markaɗe, layin asibiti, cunkoson motoci a Sabon Tasha, tsayuwa a bakin tukunya kafin ruwa ya tafasa. Duk waɗannan wuraren addu'a ne ga wadda ta saba. Amma fa ƙari ne, ba su maye gurbin zaman nan na safe, kamar yadda ɗanɗanon miya a bakin murhu ba ya zama cin abinci.

Na uku, da dare a tara yara da maigida minti goma kafin barci ya kwashe su, ba bayan ya kwashe su ba. Kada a mai da shi wa'azin awa guda, kada kuma a mai da shi kotun da za a karanta laifin kowa. Yaro ɗaya ya karanta, wani ya yi addu'a, a tambayi kowa wa ya taimaka wa yau. In maigida ya ga wannan shafi, to, muna roƙonsa da girmamawa: in ya riƙe jariri ko ya sa ido a kan yara na minti goma sha biyar, ya ba matarsa kyautar da ta fi turmin atamfa.

Na huɗu, wanda ya fi wuya, ki koyi cewa a'a. Ba kowane kwamiti ne sai da ke ba, ba kowane anko ne sai kin yi ba. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda. Kuɗin anko ɗaya da kika haƙura da shi zai iya zama kwanon masara da man ja a gidan wata gwauruwa. A nan ina kira ga iyayenmu shugabannin zumunta da fastocinmu, da su taimake mu. A fara taro a kan lokaci, a tashi a kan lokaci. Taron da aka ce ƙarfe huɗu kada ya zama biyar da rabi, mata su koma gida cikin duhu tuwo bai hau wuta ba. Kuma me zai hana a cikin tarurruka huɗu na wata a ware ɗaya, a ce yau ba zama a benci, a rabu biyu-biyu ko uku-uku a shiga unguwa a duba marasa lafiya da tsofaffi da waɗanda aka daina gani a sujada? Ai Hausawa sun gama magana da suka ce zumunta a ƙafa take. Ba a zane take ba, ba kuwa a kiɗan tulu ba.

Wa za a duba? Ba su da wuyar samu. A ƙaramar hukumarmu ta Chikun da maƙwabciyarta Kajuru, iyalai da yawa sun baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, suna raɓe a ɗakunan dangi ko a gidajen da ba a gama ginawa ba. Ba mu manta da ran 5 ga Yuli, 2021 ba, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist da ke kan hanyar nan tamu ta Kachia. Mun ga iyaye mata zube a ƙasa a ƙofar makaranta suna kuka suna addu'a, mu ma mun yi kuka tare da su. An yi ta sako yaran kashi kashi cikin watanni, na ƙarshensu bai dawo ba sai a 2023. Amma bayan 'yan jarida sun naɗe kayansu, bayan an yi sujadar godiya an watse, akwai gidajen da suka sayar da gona da abin hannu, akwai yaran da ke firgita cikin barci. Irin wannan ciwo ba ya warkewa a mako guda, kuma mai shi ba ya yawo yana shela. Sai an je an zauna ake ji.

Kada kuma ki ce sai kina da kuɗi. Dokas ta garin Yafa, wadda labarinta ke cikin Ayyukan Manzanni sura 9, ba a ce ta gina wani abu ba. Allura da zare gare ta. Da ta rasu, gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu. In kina auna tuwo, ki ɗebi tafi guda ki zuba a wata roba. Kafin wata ya ƙare kin tara abin kai wa wani. In za ki markaɗe, ki karɓi na tsohuwar gidanku. In maƙwabciya tana jinya a asibiti, ki ce yaranta su ci a gidanki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Alherin nan kuwa a cikin gida zai fara. Da yawanmu muna da yarinyar da aka kawo mana daga ƙauye domin ta taya mu aiki, da alkawarin za a sa ta makaranta. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya. In lokacin addu'arki ya samu ne domin kin jibga wa 'yar wani aikin da ya hana ta karatu da barci, to, ki sake lissafi. Ki tambayi kanki ko tana cin abin da 'ya'yanki ke ci, ko an biya kuɗin makarantarta, ko akwai wanda ya taɓa ce mata sannu.

Kada kuma kogin Kaduna ya zama iyakar alherinmu. Da yawanmu muna da tsofaffin maƙwabta a Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, waɗanda muka yi suna da biki tare, muka ci naman Salla suka ci shinkafar Kirsimeti. Yaushe rabon da ki kira ki ce ya jiki, ya yara? Matan Kirista da na Musulmi a garin nan sun nuna abin yana yiwuwa, tun da suka kafa majalisarsu ta mata mabiya addinan biyu a 2010, bisa ƙoƙarin Sista Kathleen McGarvey da shugabannin ƙungiyoyin mata na kowane ɓangare. Basamariyen nan bai tambayi mai rauni ƙabilarsa ko wurin ibadarsa ba.

Yanzu kuma gare ku, 'ya'yana 'yan makaranta. Na san ku ma kuna cewa ba lokaci: ga darasin yamma, ga WAEC da NECO da JAMB, ga aikin gida. Amma halin da yarinya ta saba da shi a aji uku shi za ta kai ɗakin mijinta. In ba ki iya ba Allah minti goma yanzu da ba ki da goyo, ba ranar da kika haifi uku za ki iya ba. Shiga FCS ko Brigade abu ne mai kyau, amma ba ya ɗauke miki taki addu'ar. Ki kuma buɗe ido a ajinku. Akwai wadda ba ta fita lokacin tara domin ba ta da abin saye, akwai wadda ke fashin makaranta kwana uku kowane wata domin ba ta da audugar mata, akwai wadda lissafi ya gagara ana yi mata dariya. Ki raba burodinki, ki zauna ki nuna mata. In kin koma gida kuma ki karɓi wanke-wanke ba sai an ce ba, domin mahaifiyarki ta sami ɗan zama. Ku tuna cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Kakanninmu mata da yawa da girmansu suka koyi karatu, bayan sun dawo daga gona, a gaban fitilar aci-bal-bal, don kawai su karanta shi da bakinsu. Ku da kuke da shi har a cikin waya, wane hanzari gare ku?

Wata za ta ce, ai Allah ya san zuciyata, kuma wahalar da nake yi wa iyalina ita ma ibada ce. Gaskiya ne, ibada ce. Amma ki gwada gaya wa maigida cewa tun da kina dafa masa abinci ba sai kun yi hira ba har abada, ki ji abin da zai ce. Wanda ake ƙauna ana zama da shi. Wadda kuwa take cikin jego, ko take kwana a gadon asibiti da mara lafiya, ko baƙin ciki ya danne ta har ba ta iya haɗa kalma biyu, kada maganata ta zama mata ƙarin kaya. Allah ba mai karɓar haraji ba ne da zai tsaya da agogo. Nishinki ma yana ji. Ke ce ma wadda ya kamata mu sauran mu zo mu duba. Kowace shekara a Jumma'ar farko ta watan Maris mata a ƙasashe masu yawa suna yin Ranar Addu'a ta Duniya, kuma tsarin addu'ar shekarar 2026 matan Nijeriya ne suka rubuta shi, a kan kiran da Yesu ya yi wa masu gajiya da masu nauyin kaya a Matiyu sura 11. Ba mamaki da matan ƙasar nan suka ɗauki wannan kai, domin sun san nauyi. Addu'a ba wani sabon kaya ba ne da za a ɗora miki, wurin sauke kaya ne.

Yarinyar nan maƙwabciyata ta sauka lafiya, kuma ni na yi mata wankan jego. Har yanzu ina cikin zumunta, ina kuma son ta, amma na ajiye kwamiti biyu, kuma yammacin Alhamis na unguwa ne, kowa ya sani. Ban zama waliyyiya ba, wata rana har yanzu barci kan sace ni a kan gwiwa. Sai dai na daina wuce rufaffiyar ƙofa ina cewa bari in dawo.

Saboda haka, uwargida, abu biyu nake roƙonki a wannan mako. Gobe da asuba, kafin ki taɓa waya ko ashana, ki ba Ubangiji minti goma sha biyar. Kafin Lahadi kuma ki taka ƙafarki ki ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, wadda kin daɗe kina cewa za ki je. Kin san ko wace ƙofa ce, domin tun kina karanta wannan ta faɗo miki a rai.

Wadda take da wata dabara da ta taimake ta a kan wannan al'amari, ta rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su amfana. Allah ya ba mu zuciyar Maryamu da hannun Dokas, ya zaunar da garinmu lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.